Ƙarfe Biyu a Buhun Kawu

Ranar Talata ta biyu bayan Babbar Salla, shekara ta bakwai da komawarmu Naira, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah ya yi wa Kawu rasuwa a ɗakinsa da ke unguwar Sabon Gari a Wudil. Mutum uku ne a kansa: matarsa, wadda muke kira Inna, ƙanensa, wanda muke kira Ƙaramin Kawu, da ni, ɗan ƙanwarsa. Ya yi jinyar ƙirji ta wata biyu. An yi masa sutura bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Aikina karanta labarai da sanarwa ne a gidan rediyo a Kano. Sanarwar rasuwarsa ma ni na rubuta ta, layi huɗu, wani abokin aiki ya karanta. Layi huɗu ba su ɗauki abin da ya kamata a faɗa ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kafin la'asar lungun gidan ya cika da motoci. Shekara huɗu ke nan rabon da wata mota ta tsaya a ƙofar Kawu don gyara, amma ranar nan sai da aka rasa wurin ajiye keke. 'Yan kwangila suka yi ta fitowa cikin manyan riguna, ƙamshin turarensu ya danne warin baƙin mai da ya kama ƙasar wurin. Kowa ya durƙusa, ya yi gaisuwa doguwa, ya shafa fatiha. Kuma kusan kowa ya rufe da magana iri ɗaya.

"Mutumin kirki ne. Allah ya yafe masa kuskurensa."

Wani mai taushin zuciya ya ƙara da cewa, "Ai tsufa ne, ba mugunta ba."

Surukin Kawu, mijin 'yarsa ta fari, wanda duk gari ke kira Alhaji, shi ya kawo rumfuna da kujeru da buhunan shinkafa. Shi ya zauna a gaba yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya ambaci kuskure, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai tuntuni na yafe masa." Ina kusa da shi. A yinin farko kawai ya faɗi haka sau goma sha ɗaya.

Mutum ɗaya ne bai ambaci kuskure ba, bai kuma ce mutumin kirki ne ba. Wani manomi ne daga Kausani, yayan direban da ya mutu a motar Alhaji. Ya zo a ƙafa, ya tsaya daga bakin rumfa, ya ce, "Ya haƙuri," ya juya. An bi shi da kwanon abinci, bai waiwayo ba.

Kuskuren da ake nufi, ga shi yadda Wudil ke ba da labarinsa: wai Kawu ya ɗauko tsohon ƙarfe daga bola ya ɗaura a motar surukinsa, ƙarfen ya karye a gangare, direba ya mutu ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Haka ake faɗa a tasha, haka ake faɗa a kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwar Juma'a. Ba haka aka yi ba. Ina wurin aka yi mafi yawansa, sauran kuma na ji daga bakin Kawu da Inna.

Kawu ɗan maƙera ne. Kakanmu garma da fartanya da lauje yake ƙera wa manoman Dagumawa da Kausani, kuma Kawu ya fara jan zuga-zugi tun bai iya ɗaure wando ba. Daga baya ya tafi Kano ya koyi gyaran mota a garejin hukuma, ya dawo ya kafa rumfar kwano a ƙofar gida. Bai taɓa son a ce masa bakanike ba. Yakan ce, "Ni maƙeri ne da ya shiga ƙarƙashin mota."

Abu uku ba sa barin aljihunsa: ƙaramar guduma, magagari, da guntuwar igiya. Babu ƙarfen da zai shiga motar mutum sai ya rataye shi da igiyar nan, ya rufe ido, ya ƙwanƙwasa, ya saurara. Mai mota na tsaye yana duba agogo, Kawu na sauraron ƙarfe. Inna ta ce ko a gida bai bar ta ta huta ba. Lokacin da ake haɗa wa 'yarsu kayan ɗaki, ya sa an mayar da tukunyar ƙarfe kasuwa, wai tari take yi. Duk ƙarfen da ya yarda da shi kuma, sai ya buga masa ɗigo uku da bakin ƙusa, a jere, inda ido zai gani. Ya ce don in abu ya lalace a san ƙofar da za a buga.

Maganganunsa ba su da yawa, kuma yana maimaita su har mu gaji. "Ƙarfe ba ya ƙarya, fenti ne maƙaryaci." Da kuma, "In kauri ne ƙarfi, da kabewa ta fasa dutse."

Da kuɗin mai suka shigo, aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, sai gyara ya zama abin kunya. A cire a jefar, a sa sabo. Kayan gyara suka yi ta kwararowa cikin kwalaye masu sheƙi, ba wanda ya san inda aka yi su. Na taɓa ganin wani ya kawo wa Kawu mota, ya ce shi dai a sa masa na cikin jan kwali, don abokinsa ma shi aka sa wa. Kawu ya tofar da tuƙar goro, ya ce, "To, ka kawo kwalin in ɗaura maka, ƙarfen ka kai wa abokin."

Sai maganar surukuta. Kowa yana kunyar suruki, amma ta Kawu irin ta mutanen da ce. 'Yarsa ta fari bai taɓa kiran sunanta ba, "waccan" yake cewa. Mijinta kuwa "mutumin". Shekara goma sha takwas da auren, maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba: Alhaji ya durƙusa daga nesa, Kawu ya amsa yana kallon bango. In ya hango shi a hanya sai ya shige lungu. Muna yaba masa wannan hali, muna ba yara misali da shi.

Shekara ɗaya bayan ƙarin albashin, Alhaji ya samu kwangilar kai takin zamani ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Ya sayi tsohuwar jif mai giyar taimako daga wani kamfanin hanya da ya gama aiki, ya sa aka yi mata sabon fenti, ya ɗaura mata tirela. Abin da aka yi ta don ta ɗauka, ninkinsa biyu ake loda mata.

A ƙarƙashin irin wannan mota akwai doguwar sandar ƙarfe, farfela, wadda ke kai juyin inji zuwa aksil, wato ƙarfen da ke juya ƙafafun baya. A inda take haɗuwa da aksil ɗin akwai wani ƙarfe mai kunnuwa biyu, bai wuce dunƙulen hannu biyu ba. Kawu gwafa yake ce masa, don ya yi kama da gwafar rumfa. Duk ƙarfin inji ta kunnuwan nan biyu yake bi kafin ya isa ƙafafu. Wata rana motar ta kafe a yashi, direba ya matsa mata, kunnen gwafa ɗaya ya ɓalle. Tana tsaye abin ya faru, ba wanda ya ji ciwo. Aka jawo ta rumfar Kawu, Alhaji ya aiko cewa a nemo wadda ta fi ƙarfi.

Ranar Asabar da hantsi ina zaune a bencin rumfar, sai ga Ƙaramin Kawu da kwali a hammata. A lokacin ya bar sana'ar gado, ya zama mai bin Alhaji, shi ke yi masa sayayya a Kano.

"Yaya, ga ta. Sabuwa fil. Duba kauri, don Allah. Wannan ko giwa aka ɗaura mata sai ta ja."

Gwafar ja ce, fentinta har yana ɗaukar ido, kuma gaskiya ta fi wadda ta karye kauri. Kawu ya rataye ta, ya rufe ido, ya buga. Ƙwas. Ƙarar ta mutu nan take, kamar an bugi fasasshiyar ƙwarya. Ya sake bugawa. Sannan ya goga magagari a gindin kunne ɗaya, ya shafa da yatsa, ya nuna mana. Baƙin gari ne, kamar toka.

"Zubi ne," in ji shi. "An narka an zuba a kasko, kamar waina."

Ya jawo wani tsohon kwando daga ƙarƙashin tebur, ya tono wata gwafa da ya cire daga matacciyar mota irin ta masu haƙar rijiya, wadda ta fi ta Alhaji nauyi. Baƙa ce, da tsatsa a gefe, kuma a ido ba ta kai sabuwar jiki ba. Ya wanke ta da kananzir, ya auna ramukanta da na aksil, suka yi daidai. Ya rataye, ya buga. Ƙarar ta tashi siririya, ta daɗe tana yawo a rumfar. Da ya goga magagari, farin ƙarfe ne ya bayyana.

"Wannan ƙira ce. An buge ta tana ja, jijiyarta a miƙe take. Ran da ta gaji za ta lanƙwashe, ta yi kuka, direba ya ji ya tsaya. Waccan ba ta sallama."

"Haba Yaya! Alhaji guda, ka sa masa kayan bola?"

"Ƙarƙashin mota ne. Wa zai leƙa?"

"Mutane suna da baki."

"To su ja motar da bakin."

"Ka ga abin da ya sa ka tsufa a rumfar kwano huɗu. Duniya ta ci gaba, kai kana nan kana kiɗan ƙarfe kamar maroƙi."

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni na tsufa a rumfata. Kai kuma ka tsufa a bayan rigar wani. Ɗauki kwalinka."

Ya mayar da jar gwafar cikin kwalinta da hannunsa, har da takardar da aka naɗe ta. Ya buga wa tsohuwar ɗigo uku, ya shiga ƙarƙashin mota ya ɗaura. Mako uku motar tana zirga-zirga da lodinta, ba abin da ya same ta.

Ba wanda zai leƙa ƙarƙashin mota, gaskiya ne, amma Ƙaramin Kawu ya kai maganar zauren Alhaji, daga can ta shiga kasuwa. Abokan kwangila suka samu abin tsokana: ga babbar riga, ga agogon zinariya, ga ƙarfen bola a gindin mota. Alhaji ya sa direba ya kai motar Kano wurin wani bakaniken bakin titi, aka cire tsohuwar gwafa aka sa jar.

Direban dattijo ne mai kamun kai, ya girme ni. Bai jefar da tsohuwar ba. Ranar Alhamis ya kawo wa Kawu ita a naɗe cikin takardar siminti, ya ce, "Baba, ga amanarka. An ce in yar, na kasa."

Kawu ya ce masa kada ya sake hawa motar. Direban ya yi murmushi.

"Baba, in na ƙi, gobe wani zai hau, ni kuma in koma gida in gaya wa yara me?"

Washegari Juma'a na zo daga Kano. Kawu ya kira ni bayan rumfa. Shi ba zai iya tarar suruki da magana ba. Inna suruka ce. 'Yarsa ta fari ba ya haɗa ido da ita. Ni kuwa taubashinta ne, akwai wasa tsakanina da gidanta, bakina yana da izinin da nasu ba shi da shi.

"Mai-labarai, kai ka iya ɗaukar magana ka kai ta yadda take. Je ka gaya wa mutumin: ƙarfen da aka sa zubi ne, zai karye. In ya karye a guje, farfela za ta saki, ta yi ta dukan cikin mota, ta tsinke bututun man birki. Birkin hannu na motar nan farfela yake kamawa, ba ƙafa ba, shi ma ya tashi a banza. In a gangare ne da kaya, wanda ke ciki ya mutu. A ajiye motar yau. Maimaita in ji."

Na maimaita, ban tsallake kalma ba. Aikina ke nan.

Na tarar da zauren Alhaji a cike bayan an sauko daga masallaci. Akwai baƙi daga Kano, har da jami'in da kwangilar ta bi ta hannunsa. An baje kaji da shinkafa. Na dubi wurin, na ga ba a shigo da kalmar mutuwa cikin irin wannan zama. Na ga kuma saƙon suruki ne zuwa ga suruki, ya kamata a sa masa riga. Abin da na ce shi ne, "Kawu yana gaisuwa. Ya ce don Allah a riƙa lura da motar nan, a ɗan rage mata kaya, don sabon ƙarfen bai kwanta masa a rai ba."

Alhaji ya yi dariya. "Mutumin rediyo! Ka ce wa Baba mun gode, Allah ya ƙara girma. Matso ka ci kaza."

Na matsa na ci. Da na koma, Kawu ya ce, "Ka faɗa?" Na ce, "Na faɗa."

Ranar Litinin da hantsi, a gangaren wani rafi kan hanyar Kausani, gwafar ta karye. Farfela ta tsinke bututun birki. Birkin hannu bai kama ba. Tirela ta turo motar, ta kife, buhunan taki suka danne direban. Babu abu ɗaya da ya saɓa wa yadda Kawu ya lissafa.

Da labari ya iso, Kawu ya hau kekensa ya tafi wurin. Ya tarar da jama'a, da kanikawa biyu da aka kira su jawo motar. Ya bi sawun da farfela ta ja a ƙasa, ya tsinci kunnuwan biyu a cikin yashi, ya sa a aljihu, ya dawo. Kafin ya iso gida magana ta riga shi: tsoho ya sa wa surukinsa ƙarfen bola. A zaman makokin direban, Alhaji ya ce a gaban jama'a, "Ƙaddara ce. Kada kowa ya ga laifin Baba, idonsa ne ya yi rauni." Mutane suka yaba da karamcinsa.

Motoci suka daina zuwa. Kawu ya koma hura wuta, yana gyara wa manoma garma da fartanya kamar ubansa. Bai daina ƙwanƙwasa ƙarfe ba, bai daina buga ɗigo uku ba, ko a kan lauje ne.

Da kaka ta yi, ya ɗaura damin gero a keke ya kai gidan direban. Yayan marigayin ya fito ya ce, "Ɗauke. Ba ma cin na wanda ya ci mu." Kawu ya ɗauke. Ya sake kaiwa, aka sake korarsa. Daga nan sai ya riƙa ajiyewa a gidan wani maƙwabcinsu, da sharaɗin a ce daga wani bawan Allah ne. Bai fasa ba har shekarar da ya kwanta.

Sau ɗaya muka yi maganar. Bayan shekara guda ne, yana wasa bakin gatari, na ce masa ina da abin da zan faɗa. Bai ɗago ba.

"Na sani. Da ka faɗa yadda na faɗa, da ba ka dawo da maiƙo a baki ba."

Na ce to ya bar ni in fito in gaya wa mutane.

"Ka gaya musu, waccan ta kwaso 'ya'ya shida ta dawo ɗakin uwarta? A'a." Ya juya gatarin. "Kuma ina da laifi, sai dai ba wanda suke faɗa ba. Ƙarfen yana hannuna, guduma tana gefena. Bugu ɗaya ya ishe shi. Na mayar da shi kwali, wai kayan suruki ne. Sannan gidan mutumin taku nawa ne daga nan? Na aike ka, na zauna ina jin kunya. Kunyata tana nan lafiya, ba abin da ya same ta. Direba ne ya mutu."

Daga nan bai sake tayar da zancen ba, ni ma na samu inda na fake. Shekara uku ina karanta wa jama'a labarai da murya mai kyau.

Ranar addu'ar bakwai, da misalin ƙarfe tara na safe, bayan an shafa, Inna ta aiko a kira ni cikin gida. Tana zaune a kan tabarmar takaba, 'yarta ta fari tana gefenta. Ta turo mini wani ƙaramin buhu da ƙafa. Na buɗe. Tsohuwar gwafa ce, lafiyarta ƙalau, da ɗigo uku. Sai kunnuwa biyu masu jan fenti, bakin karayarsu burtsi-burtsi kamar an karya ƙuli-ƙuli, da ƙananan ramukan iska a ciki.

"Ya ɗaure bakina yana da rai," in ji Inna. "Bai ce komai a kan bayan ransa ba. Ni suruka ce, kuma ina takaba. Kai aka aika. Har yau saƙon bai isa ba."

Na dubi taubashiyata, don aurenta ne a kan faifai. Ta gyara mayafi.

"Me kake kallona, sarkin tsoro? Kwana bakwai ina jin ana yafe wa ubana. Na ƙoshi. Je ka."

Na fita rumfa. Jama'a ba su watse ba. Alhaji yana gaba, Ƙaramin Kawu na gefensa, kanikawan gari suna baya. Yayan direban ma ya zo, yana tsaye a inda ya tsaya ranar farko. Na shimfiɗa buhun a gaban Alhaji, na jera ƙarafan a kai.

Na ce, "Alhaji, wata Juma'a shekara huɗu da suka wuce Kawu ya aiko ni wurinka, ban isar ba. Ga saƙon. Ƙarfen da aka sa zubi ne, zai karye. In ya karye a guje, farfela za ta saki, ta tsinke bututun man birki. Birkin hannu farfela yake kamawa, shi ma ya tashi a banza. In a gangare ne da kaya, wanda ke ciki ya mutu. A ajiye motar yau. Wannan baƙar ita ce ya ɗaura, ga ɗigonsa. Waɗannan jajayen su aka saka a Kano bayan an cire tasa, su ne suka karye."

Na zaci za a yi salati, ko a ƙaryata ni. Ba a yi ko ɗaya ba. Ƙaramin Kawu ne ya fara magana, cikin fushi.

"Kai, wane irin rashin ta ido ne wannan a zaman makoki? Wa ka kawo wa sabon labari? Ai kowa ya sani!"

Ɗaya daga cikin kanikawan da suka jawo motar ya ce, yana kallon ƙasa, "Mu dai tun a wurin muka ga jan fenti a jikin aksil."

Wani dattijon unguwa, wanda ya fi kowa yawan faɗin "Allah ya yafe masa kuskurensa", ya ɗaga hannu. "Yaro, an rufe ne don zumunci. Shi kansa marigayin ya fi ka sanin dalili. Abin da ya wuce a bar shi."

Na bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu mamaki a ko ɗaya, sai haushin an ɓata musu zama. Ashe shekara huɗu ba a ruɗe suke ba. Sun san ƙarfen da ya karye, sun san wanda ya sa a ɗaura shi, suka kwashe motocinsu daga rumfar Kawu duk da haka, don kada a gan su a ɓangaren da ba a yanka kaji. Sannan suka zo da turare suna nema masa gafara. Ban ware kaina ba. Ni na ci tawa kazar tun kafin su.

Mutum ɗaya ne a rumfar bai sani ba. Yayan direban ya ratso kujeru, ya durƙusa, ya ɗauki jajayen kunnuwan ya juya su a tafinsa. Ya ɗauki baƙar, ya shafa ɗigon da babban yatsa. Ya ce akwai irin ɗigon nan a kan fartanyarsa. Sannan ya tambaye ni, a hankali:

"Geron da ake ajiye mana a maƙwabta, shi ne?"

Na ce shi ne.

Sai ya ɗaga hannu shi kaɗai, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Allah ya yafe mini abin da na gaya masa a ƙofar gida." Ya zuba jajayen a aljihu, ya ce zai kai wa 'ya'yan ƙanensa su gani. Bai dubi Alhaji ba.

Alhaji ya tashi, ya shiga mota, Ƙaramin Kawu ya bi shi. Kafin azahar aka aiko a kwashe rumfuna da kujeru. Taubashiyata tana ɗakin Inna har yanzu, ta ce sai an gama takaba za ta san abin da za ta yi. Baƙar gwafar Inna ta sa na rataye ta da igiyar Kawu a rumfarsa, inda yake gwada ƙarfe.

Ranar addu'ar arba'in mutum tara ne suka zo, ba mota ko ɗaya a lungun. Yayan direban ne ya fara isowa daga Kausani, shi ya shimfiɗa tabarmi.